Ka Duba Mini

Masana tarihi suna ɗora faɗuwar dauloli a kan fari da yaƙi da lalacewar sarakuna, kuma ba zan yi musu gardama ba, su suka karanta. Amma ni na yi shekara tara ina koyar da nahawu a wata sakandare a Kano kafin in zo Amurka, kuma abin da na taso da shi daga gaban allo shi ne, yawancin bala'in da ke samun ɗan Adam daga kalmar aikatau yake farawa. Suna ba ya cutar da kowa, inda aka ajiye shi nan yake zama. Aikatau ne ke tashi ya je ya yi ɓarna. A cikin aikatau na Hausa kuwa ban san wanda ya kai "duba" faɗin ciki ba. Ana duba mara lafiya, ana duba jarrabawa, ana duba tukunya a kan wuta, boka ma duba yake yi. Mai faɗa yana nufin ɗaya, mai ji ya zaɓi wanda ya yi masa.

Ni na zaɓi wanda ya yi mini, kuma Alhaji na rasa a dalilin haka.

Alhaji mutumin Damagaram ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Yana da fili a McLeansville, can gabas da garin Greensboro inda gidaje ke tsaye ɗaiɗai a cikin gonaki. Tsofaffin motoci yake saye ya cusa a kwantena ya tura Kwatano, daga can su kama hanyar Nijar. Ranar da na sauka daga bas a tashar cikin garin Greensboro ba ni da kowa sai lambar wayarsa, wadda wani ɗan ajinmu ya ba ni, shi ma wani ya ba shi. Na kira daga wayar bango. Bai tambayi ko ni wane ne ba, ya ce in tsaya inda nake. Da ya zo ya ɗauki jakata ya jefa a bayan mota, sai da muka hau titi sannan ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Kano."

Ya ɗan taka birki. "Duk faɗin Amurka, ni Allah ya zaɓa ya jarraba da Bakano."

Ga wanda bai sani ba, akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa tun kakanni, kuma Alhaji ya riƙe shi kamar farilla. Daga ranar bai ƙara bi ta kan sunana ba. In na shigo taro sai ya ce wa mutane kowa ya jawo takalminsa kusa. In na ci abinci da yawa ya ce gado ne, in na ci kaɗan ya ce sauran zan fita da shi in sayar. Ni kuma in ce masa Badamagare, in tambaye shi ko labarin wutar lantarki ya isa garinsu. Wata huɗu na yi ina kwana a falonsa. Shi ya kai ni masaƙar da na fara aiki. Shi ya buga wa dangin matata waya ya yi mini shaidar hali, ya ce musu in ban da Kananci ba ni da wani aibi. Da ta iso kuma Hajiyarsa ce ta nuna mata inda ake samun daddawa da yadda ake girki a murhun da ba a ganin wutarsa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Ban taɓa gaya wa Alhaji abin da ya zame mini ba, don na san amsar: zai ce Bakano ya fara hangen gado.

Kwamfuta a ajin yamma na koye ta, ina da shekara talatin da ɗoriya, a tsakiyar sa'o'in ɗalibaina na da. Ta yi mini daɗi saboda nahawu ce tsantsa. Ka ajiye waƙafi inda ba wurinsa ba komai ya tsaya, kuma ba ta jin ban haƙuri. Daga ɗakin zare aka ɗaga ni zuwa ofis ina gyara wa ma'aikata na'urorinsu. Sai masaƙun yankin suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun dubu biyu, tamu ma ta bi, aka ba kowa kwali ya kwashe kayan teburinsa. Ina ɗauke da nawa zuwa mota na yanke shawarar ba zan ƙara yi wa kowa aiki ba. Irin shawarar da mutum ke yankewa ke nan a ranar da babu mai nemansa.

Sana'ar da na zaɓa sabuwa ce a lokacin, ba ta da suna da Hausa, har yau ma ban ji an raɗa mata ba. Kamfani zai ɗauke ka ya ce, zo ka gwada kutsawa cikin kwamfutocinmu kamar yadda ɓarawo zai gwada, in ka tarar da ƙofa a buɗe ka gaya mana mu rufe kafin na gaskiyar ya zo. Kayan aikinka da na ɓarawon iri ɗaya ne, abin da yatsunku ke bugawa iri ɗaya ne. Bambancin duka takarda ce guda, wadda mai kwamfutar zai sa wa hannu kafin ka fara, yana cewa ya ba ka izini, daga nan zuwa nan, daga rana kaza zuwa rana kaza. In tana aljihunka kai ƙwararre ne. In babu ita, dokar tarayya tana da wani sunan da take kiran ka da shi, kuma ba ta tambayar niyyarka sai an riga an kai ka gaban alƙali. Wannan duk na san shi, kuma ina so a shaida na san shi. Ni da kaina na tsara takardar izinin kamfanina, shafi uku, na yi sati ina gyara mata waƙafi.

Na yi rajista a ofishin gunduma, na buga kati, na sa tebur a ɗakin da muke tara akwatuna. Wata uku babu wanda ya kira. Shekarun nan ne na bayan harin sha ɗaya ga Satumba a New York. Sai mutum ya auna da kansa: baƙo mai sunan Musulmi, da harshen da ba na nan ba, ya shigo ofishin likitan haƙori a unguwar Sedgefield yana neman a bar shi ya fasa kwamfutocin gidan don amfanin gidan. Sukan saurare ni da ladabin nan na mutanen jihohin Kudu na Amurka, su karɓi katin, su raka ni har ƙofa, su tsaya a nan sai sun ga motata ta fita.

Matata tana aikin kula da tsofaffi, ita ke riƙe da gidan a watannin. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Tambaya take yi, kuma da gorin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Malam, in Mama ta tambaye ni a waya aikin me kake yi yanzu, me zan ce?"

"Ki ce gadi."

"Gadin da ake haura katanga?"

"Ki ce gadi na zamani."

"Zan ce kana nan lafiya."

Wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya ja ni filinsa cin damben Hajiya. Ofishinsa wani ɗaki ne mai taya da aka jawo aka ajiye a bakin filin, da fanka ɗaya da buta da kwamfuta uku a jere. Muna wanke hannu ya ce, "Bakano, na ji ka buɗe kamfanin sata, har da rajista. Bon, kowa da sana'ar gidansu. Kwamfutocin nan nawa sun ishe ni. Ka zo gobe ka duba mini su, ba kowa a ofis. Ga makulli."

Takardar izinin tana cikin jakata a lokacin. Na sa hannu na taɓa ta, ban fito da ita ba. Shekaru na yi ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni, kuma akwai gaskiya a ciki. A wurinmu takarda ta baƙo ce. Mutumin da ka kwana wata huɗu a falonsa, ya miƙo maka makulli, ka ce masa sa hannu tukuna, kamar ka ce masa kana tsoron ya musanta ne. Amma akwai dalili na biyu wanda ya fi na farkon muni. Da na fito da ita, da ya tambayi abin da ke ciki, da na yi bayani, da ya ce a'a, nauyi kawai suke yi, sai ka sha shayi ka gama kafin su farka. Na san abin da yake nufi da duba. Ni kuma ina son rahoto ɗaya, na gaske, wanda zan iya goge sunan mai shi in nuna wa likitan haƙori.

Ranar Asabar da hantsi na je. Cikin awa guda na gama abin da aka kira ni dominsa, na share tarkacen da ya cika su, na hure ƙurar da ta toshe musu iska, suka koma tashi kamar sababbi. Da na rufe ƙofa a nan na tafi, da yanzu ba ni da labari. Sai na buɗe tawa kwamfutar na haɗa ta da wayar ofishin, na saki manhajar da ke bi ƙofa-ƙofa tana ƙwanƙwasawa.

Kamfanin da ke yi wa Alhaji dillancin jirgin ruwa, can bakin teku a wata jihar, ya buɗe masa wata hanya a ɗaya daga cikin kwamfutocin don ya riƙa kama wa kwantenoninsa wuri ba sai ya buga waya ba. Kamata ya yi hanyar ta tsaya a kan takardunsa kaɗai. Na bi ta na ga tana ci gaba. Can ta nemi kalmar sirri. Na buga sunan kamfanin, don in ga ko wautar tasu ta kai haka. Ta kai. Sai ga ni a cikin ɗakin ajiyarsu, ga sunayen duk masu aika kaya da adireshinsu, ga hotunan fasfo ɗin mutanen da ban taɓa gani ba. Ban fi minti goma sha biyar a ciki ba. Ban canja komai ba, ban goge komai ba, shafi ɗaya na kwafa don hujja. Abin da na ji a lokacin ba tsoro ba ne. Farin ciki ne irin na malamin da ya kama kuskure a littafin da hukumar ilimi ta buga.

Washegari na rubuta wa kamfanin wasiƙa a kan sabuwar takardata mai tambari. Na gaishe su, na jera kurakuransu ɗaya zuwa biyar kamar yadda nake yi a gefen insha'in ɗalibi, na haɗa da shafin da na kwafa, a ƙarshe na ce in suna buƙatar mai gyara ga lambata. Matata ta karanta tana tsaye da kayan aiki.

"Sun tambaye ka?"

"A'a."

"To," in ji ta, ta ɗauki makullin mota.

Amsar ta zo bayan sati biyu, kuma ba daga wanda na rubuta wa ba. Lauyoyinsu ne. Wasiƙa ce mai kyau, ban samu kuskure ko ɗaya a cikinta ba, na kuwa nema. Ta ce na shiga kwamfutocinsu ba da izini ba, ta ambaci dokar, ta ce kada in goge komai daga na'urata, ta ce suna duba yiwuwar miƙa maganar ga hukuma. A lokacin katin zama kawai gare ni, takardun neman zama ɗan ƙasa suna hannun hukuma ana dubawa. 'Ya'yanmu biyu a nan aka haife su, babbar in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa.

Na samu lauya a wani bene a Elm Street, dattijo Bature mai tsotsar alewa. Ya karanta wasiƙata, ya karanta tasu, ya sake karanta tawa.

"Kai ka aika musu wannan da hannunka?"

"Ni ne."

"Da adireshinka a sama."

"Haka ake rubuta wasiƙa."

Ya ce ina takardar izinin. Na ce babu. Ya daɗe yana juya alewar a baki. Sannan ya yi mini bayani a hankali. Izinin Alhaji ba zai halatta mini kwamfutar wani kamfani ba, wannan ya wuce. Amma in har an ɗauke ni ne in gwada tsaron ofishin da duk abin da ke haɗe da shi, to ni ma'aikaci ne da ya taka iyakar gonar maƙwabci yana cikin aiki. In ba a ɗauke ni ba, ni mutum ne da ya ari makulli ya shiga gidan wani. Na farkon ana iya sasantawa. Na biyun, ga wanda ba ɗan ƙasa ba, yakan ƙare ne a filin jirgi. Ya buga wata 'yar takarda da sunan Alhaji, tana cewa ya ɗauke ni in gwada tsaron kwamfutocinsa, ya ba ni izinin ƙoƙarin kutsawa cikinsu da cikin duk abin da ke haɗe da su. Za a sa mata hannu ne da rantsuwa, a gaban mai hatimin gwamnati.

"Haka aka yi?" in ji shi.

"Kusan haka."

"Ba a rantsuwa a kan kusan."

Na ce haka aka yi.

Alhaji bai san girman abin ba. Abin da ya sani shi ne kamfanin ya toshe masa hanyar, ya koma aika takardu ta faks, kuma ya mayar da wannan abin dariya. Duk wanda ya shigo ofis sai ya ce masa, "Na ce Bakano ya duba mini kwamfuta, ya dube ta har ta makance." Ko ɓacin rai bai yi ba. Da ya yi, wataƙila da na samu ƙarfin gaya masa komai tun daga ƙofa.

Na je masa da safiyar wata Talata. Ana loda kwantena a waje, ƙarar sarƙa tana shigowa. Turancin Alhaji na kasuwa ne, yana jin magana, yana gane takardar mota, amma doguwar jimla ta lauya ta fi ƙarfinsa. Shekara da shekaru duk wasiƙar da ta zo masa ni nake juya masa, ta asibiti, ta makarantar yara, ta inshora. Na ce masa mutanen jirgin sun ji haushi, lauya yana son ya sa hannu a wata shaida.

"Karanta, ka juya mini."

Na riƙe takardar na ce, "Ta ce, ni wane, na shaida cewa na ce wa wane ya duba mini kwamfutocin ofishina da abin da ke haɗe da su."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Turanci layi goma sha ɗaya, Hausa layi ɗaya. Ashe harshenmu ya fi nasu albarka." Yana dariya ya faɗa. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya sa tabarau, ba don yana zargi ba, wurin sa hannun yake nema. Yatsansa yana bin layukan kamar na ɗan aji ɗaya, sai ya tsaya a kan wata kalma. Alhaji ya yi makarantar Faransanci shekara shida kafin mahaifinsa ya cire shi ya sa shi a kasuwa. Kalmar ba da izini kuwa, ta Turanci da ta Faransanci uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ni da na koyar da asalin kalmomi ban tuna ba.

"Wannan na san ta. Otorize. A kan iyaka in jandarma ya ce ba ka otorize, nan za ka kwana." Ya ɗago. "Ban ji ta a Hausarka ba. Na otorize ka ka yi me?"

Sai a lokacin na gaya masa. Duka na gaya masa, kalmar sirrin, fasfo ɗin mutane, wasiƙata, tasu, maganar lauya. Na juya masa takardar layi-layi yadda take. Bai katse ni ba. Ya cire tabarau ya ninke ya ajiye a kan teburin.

"Cewa na yi ka duba. Nauyi suke yi."

"Na sani, Alhaji."

"Ran nan ma ka sani?"

"Na sani."

"In ban sa hannu ba me za su yi maka?"

Na faɗa masa. Ya tambayi shekarun ƙaramar 'yata, duk da shi ya yanka ragon sunanta. Na faɗa.

"Wurin mai hatimin nan, rantsuwa ake yi?"

"Hannu ake ɗagawa. Amma mutum yana iya cewa ya tabbatar kawai, ba sai ya ambaci sunan Allah ba."

"Wato Allah ba ya jin Turanci ke nan."

A waje wani ya yi kira a ja da baya, injin ya yi ƙara ya tsaya.

"Da ka shigo ka ce, Alhaji na yi ɓarna, ka yi mini ƙarya ka fitar da ni, da na zage ka, na zagi Kano da kewayenta, sannan in ɗauki hulata mu tafi. Laifin ya zama ni na zaɓe shi da kaina. Kai so ka yi in rantse ban san na rantse ba." Ya dube ni. "Wasiƙun asibiti da kake juya mini, su ma haka kake rage musu?"

"Wallahi a'a."

"To." Ya ɗauki hular. "Kawo motarka."

Daga McLeansville zuwa cikin gari ba nisa, amma ban taɓa yin tafiyar da ta kai ta tsawo ba. Yana kallon gonaki ta taga. Da ma in ina tuƙa shi ba ya minti biyu bai ce Kanawa a kan jaki suka koyi mota ba. Ranar na taka birki da ƙarfi a wata mahaɗa har ya dafa gaban motar, ko jaki bai ambata ba.

Mai hatimin wata mata ce a shagon buga takardu, da tabarau a rataye a wuya. Ta karɓi katin shaidarsa, ta tambaye shi ko ya fahimci abin da ke cikin takardar, ta juyo gare ni don in fassara. Ya ɗaga mini hannu alamar in bari. Ya amsa mata da kansa, da Turanci, kalma ɗaya. Ya ɗaga hannun dama ya maimaita abin da ta ce. Ya sa hannu da ajami, a hankali, daga dama zuwa hagu, matar tana kallo da sha'awa. Ta buga hatimi. Na sa takardar a ambulan na liƙe a nan gabansu, don in kai wa sakatariyar lauya kafin a tashi.

A bakin titi na buɗe masa ƙofar mota. Ya ce, "Bar shi, Malam. Je ka kai saƙonka. Akwai wanda zai zo ya ɗauke ni."

Tun da na san shi bai taɓa ce mini Malam ba.

Babu abin da ya karye wanda ido zai gani. Duk Juma'a yana gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, iyali, aiki, gajiya, sanyi, babu wadda yake tsallakewa. Hajiya ba ta fasa aiko mana da abincin salla ba. Ita ta gaya wa matata cewa ya je ya tambayi liman hukuncin abin da ya yi, aka ce masa rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya ce ba ta da kaffara, tuba kawai gare ta. Ya yi azumi duk da haka. Wasiƙunsa kuma babbar 'yarsa ce ta koma juya masa, da Hausarta da ba ta cika tsayawa ba.

Na je na ba shi haƙuri bayan sati uku. Ya ce, "Na yafe tun ranar, Malam," kuma na yarda da shi, don Alhaji ba ya faɗin abin da ba haka ba. Sau ɗaya na gwada. A wani taron suna na matso kusa da shi na ce, "Badamagare, an kawo muku wutar kuwa?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ya iyali?" In wani ya fara wasan Kanawa ina wurin, sai ya sunkuya yana gyara bakin tabarma.

Kamfanin bakin tekun bai ƙara rubutowa ba. Na yi watanni ina leƙa taga duk lokacin da motar gidan waya ta tsaya, sannan a hankali na daina. Takardun zama ɗan ƙasa suka fito. Sana'ar ma ta tashi, da rarrafe. Wani likitan haƙori ne ya fara yarda, daga shi sai wani ofishin dillalan gidaje, sai wata ƙaramar makaranta. Ba na taɓa na'urar kowa sai takardar tana aljihun rigata da sa hannu, kuma sai na karanta wa mai ita shafi ukun nan da baki, layi-layi, yana hamma yana duba agogo. Suna ɗauka tsantseni ne. Wani ma ya yaba mini a kai.

Wajen ƙarshen shekarun nan ciwon suga ya matsa wa Alhaji, ya sayar da filin ya koma Damagaram. An yi masa walimar ban kwana, ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana neman gafara. Da ya zo kaina ya kama hannuna da hannu biyu kamar yadda ake yi wa babban baƙo, ya ce Allah ya raya zuri'a. Wani ne ya kai shi filin jirgi. Na kira shi da salla sau biyu, muka gaisa, layin ba shi da kyau.

Shekarar da ta biyo baya lauyan ya yi ritaya, ofishinsa ya aiko wa kowa takardunsa. Nawa ba su da yawa. Akwai wasiƙata, akwai ta lauyoyin kamfanin, akwai amsa ɗaya da ya ba su mai layi huɗu, yana tambaya wace asara suka yi, wadda ba su taɓa amsawa ba. A ƙasa akwai ambulan ɗin shaidar Alhaji. Bakinsa a liƙe yake yadda na liƙe shi.